Filin Mai Hoto: In Sayar da Tsohuwata In Sayi Mai Canjin Lensi?

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan karo kusan duk kan tsohuwar kyamara da sabuwa suka zo. Ta farkon za ta ci mana fili da yawa, sai sauran su yi haƙuri, domin rabin amsarsu na cikin tata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da Canon PowerShot SX50 HS da yayana ya bar mini. Da ita nake ɗaukar hawan sallah a Ƙofar Soro, kuma hotunan suna kyau, daga nesa nake jawo fuskar mahayi har a ga naɗin rawaninsa. To yanzu an fara ba ni aikin biki. Hotunan kamu da na dina da na ɗauka a holi sun fito da duhu da yashi-yashi, wasu kuma amarya ta ɗan motsa sun yi dishi-dishi. Uwar amarya ta biya ni, amma tun ranar ba ta amsa gaisuwata da kyau. Abokina ya ce matsalar megafiksel ce, tawa 12 ce kawai, in sayar da ita in cika kuɗi in sayi EOS R50 mai 24. Me ka gani? Ɗalibinka daga Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya nuna maka kyamarar kirki, sai dai dalilin da ya ba ka ba shi ne ciwon ba. In ka bi shi a makance, za ka zubar da kuɗi ka koma holin nan ka sake ɓata wa wata uwar amaryar rai.

Mu fara sallamar maganar megafiksel, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto. Hoton SX50 ɗinka ɗigo 4000 ne a kwance, 3000 a tsaye. Wankin hoto mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, ka ga ke nan za ka fitar da inci 13 da 10 ba tare da ya fashe ba, ya ma wuce girman takardar A4. Babban hoton bango kuwa ba manna masa hanci ake yi ba, daga nesa ake kallonsa. Sannan yawancin hotunan bikin a WhatsApp za su ƙare, shi kuma matse su yake yi ya zubar da mafi yawan ɗigon. Saboda haka 12 ɗin nan ba ta yi maka laifin komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sensa, wato ɗan farantin nan da haske ke sauka a kai, wanda ya gaji fim. Na SX50 faɗinsa milimita 6 da ɗoriya ne, tsayinsa 4 da rabi. Na R50 milimita 22.3 da 14.9. In ka buga lissafi, filin na farkon wajen 28 ne, na biyun wajen 332. Ninki 12 ke nan. Ka ajiye ƙoƙo da daro a tsakar gida. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duka biyun za su cika su tumbatsa, ba ka ganin bambanci. In yayyafi aka yi, daro zai tara na alwala, ƙoƙo kuwa da ƙyar gindinsa zai jiƙe. Ranar hantsi a Ƙofar Soro mamako ce, fitilun holin biki kuwa yayyafi.

To idan haske ya yi ƙaranci, hanya biyu kyamara ke da ita. Ko ta bar ƙofarta a buɗe ta ɗan jima tana tara haske, a nan duk wanda ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Ko ta ɗaga lambar ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi da lantarki, a nan kuma yashi ke fitowa, launi ya ɓaci, fatar amarya ta koma toka-toka. Matsalolin biyu da ka lissafa duk uwarsu ɗaya. A SX50 da zarar ka haura ISO 400 za ka fara ganin yashin, ka kai 1600 kuwa sai addu'a. Kyamara mai sensa irin na R50 tana ba da hoton da za ka miƙa wa mai biki ba kunya a ISO 3200.

Kada kuma ka zaci rowa ce ta sa Canon suka saka mata ƙaramin sensa. Da gangan ne. Lensin SX50 a zahiri milimita 4.3 zuwa 215 ne, amma saboda ƙanƙantar sensan, abin da yake gani daidai yake da na 24 zuwa 1200 a ma'aunin fim na da. Shi ne zum ɗin nan mai ninki 50 da aka yi ta mamaki da ta fito a 2012. Ba don ƙaramin sensa ba, da gilashin da zai ba ka wannan nisa sai ka ɗauki yaro ya riƙa dakonsa. Abin da ya kayar da ita a holi shi ne dai ya ba ka rawanin mahayi daga tsallaken fili.

Yanzu ga tarkon da abokinka bai faɗa maka ba. Kyamara mai canjin lensi ba abu ɗaya ba ce, jiki daban, lensi daban, kuma hoton na lensin ne fiye da na jikin. R50 ta fito a 2023 a kan kusan dala 680 jiki zalla, kusan 800 in da ɗan lensin da ake haɗa ta da shi, RF-S 18-45mm. Wannan ɗan lensin ƙofar haskensa f/4.5 ce in ka buɗe shi, ka jawo zuwa 45 kuwa ta tsuke zuwa f/6.3. Ka tuna lambar f juyayya ce, tana girma ƙofa na ƙanƙancewa. Tsohuwarka ma in ba ka yi zum ba f/3.4 take, ta fi shi buɗewa. Eh, babban sensa zai rufa masa asiri, hoton zai fi naka na yanzu, ba musu. Amma ba zai kai abin da ka gani a shafukan manyan masu hoton biki na Kano da Abuja ba, wanda amarya ke fitowa tar, bayanta ya narke. Sai ka zauna kana tunanin an sayar maka da jabu.

Wancan hoton lensi mai faffaɗar ƙofa ke yin sa. Mafi araharsu shi ne 50mm f/1.8, wanda kusan duk mai hoton biki da shi ya fara cin abinci. Tsakanin f/1.8 da f/6.3 hasken da ke shiga ya ninka sau 12. Wannan ƙari ne a kan ninkin sensa. Aibinsa ɗaya: ba ya zum, kuma a kan sensan R50 gani yake kamar 80mm, wato matsattse ne. Ya yi daidai da amarya ita kaɗai, ko ita da ango. Amma a ɗakin amarya, ƙawaye goma sha sun yi anko sun jeru kowa na cewa a sa da ita, za ka ja baya har ka jingina da bango ba su shiga ba. A nan sai ɗan 18-45 ɗin da filasha, ko kuma in hali ya samu, Sigma 18-50mm f/2.8, wanda tun 2024 ake yin sa da bakin RF, wato irin bakin da ke hawa R50. Ka ga ke nan lissafin ba na jiki kaɗai ba ne.

Me R50 za ta ba ka da gaske, bayan sensa? Abu na farko, kuma a wurina shi ne babba, saiti. Tana gane fuskar mutum, ta kama ƙwayar idonsa ta bi shi duk inda ya juya. Lokacin da ake shigo da amarya ana guɗa, ko ana liƙi kowa na kutsowa, tsohuwarka za ta tsaya lalube gaba da baya, kafin ta kama an wuce. Na biyu, da yake ba ta da madubi a ciki irin na kyamarorin da ake kira DSLR, abin da kake gani a tagar leƙawa shi ne hoton da zai fita, da haskensa da duhunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a bikinmu. Ango ya sha farar shadda, abokansa ma haka, kyamara ta ga fari ya cika wuri sai ta rage haske da kanta, riguna su fito fes, fuskoki su nutse. A kyamara marar madubi tun kafin ka danna za ka ga fuskar ta yi duhu ka ƙara. Na uku bidiyo: 4K take yi, kuma tana da ramin makirfon. Masu biki yanzu hoto da ɗan gajeren bidiyo suke nema a hannu ɗaya.

Tana da nata rauni. Batirinta ƙarami ne, LP-E17, ba zai kai ka daga wuni zuwa dina ba, sai da na biyu da na uku a aljihu, musamman da yanayin wutarmu. Katin memori ɗaya take ɗauka. Sannan ga wani abu da ke ba mutane mamaki bayan sun biya kuɗi: mazaunin filasha da ke kanta sabon samfuri ne, babu tsofaffin ƙusoshin da filashar da muka saba ke taɓawa. Ka ɗora mata tsohuwar filasha ba za ta tashi ba sai ka sayi wata 'yar adafta da ake kira AD-E1.

Ga kuma hanyar da ni na fi nuna wa masu farawa in kuɗin bai taka kara ya karya ba. Girman sensan da ke cikin R50 shi ne dai a tsofaffin DSLR na Canon, irin su 600D ta 2011, da 700D ta 2013, da 80D ta 2016. Tunda manyan ma'aikata ke komawa marar madubi, waɗannan sun cika kasuwar na hannu, su da gilasansu masu bakin EF, wanda Canon ke yi tun 1987. Ka samu 700D ko 80D mai lafiya, da 50mm f/1.8, da filasha, ka haɗa kayan aikin biki cikakke, kuma da wuya kuɗin ya haura na sabuwar R50 da ɗan lensinta. A holi, wannan haɗin zai doke R50 mai ɗan 18-45 tsirara. Abin da za ka rasa shi ne bin idon nan da bidiyo mai kyau. Gilasan kuma ba asara ba ne: ranar da ka koma R50 ko wata babbar yayarta, adaftar EF zuwa RF za ta ɗora su su yi aiki lafiya lau. In za ka sayi ta hannu ka sa a duba maka yawan dannawar da ta yi. Ita 80D an gina labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka danna, a kan dannawa 100,000, wadda ta yi shekaru a hannun mai hoton biki kuwa tana iya kusantar haka. Ka haska tocilan a cikin lensi ka duba fumfuna, ka gwada kowane maɓalli a gaban mai shago. Araha ba ta ado.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da za ka yi a makon nan. SX50 tana da mazaunin filasha na gargajiya a kanta, abin da yawancin irinta ba su da shi. Ka sayi filasha mai juya kai, ko ta hannu ce, wadda ke aiki da Canon. Kada ka haska fuskar mutane kai tsaye, hodar amarya za ta yi ƙyalli, inuwa ta tsaya a bango. Ka ɗaga kan filashar sama, hasken ya bugi farin silin ya sauko a hankali. Ka tsayar da ISO a 200 ko 400, ka rage zum ka matsa da ƙafarka, tunda ƙofar lensinka tsukewa take yi in ka jawo. In silin ya yi nisa, ko masu ado sun rufe shi da yadi mai launi, ka ɗaura farin kati a bayan kan filashar da roba. Ka kuma riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tana yi, domin fitilun nan shuɗi da ja da masu ado ke kunnawa sai a RAW ake iya wanke su daga fuskar mutum. Za ka yi mamakin abin da tsohuwar nan za ta fitar. Filashar kuma za ta bi ka zuwa duk DSLR ɗin da ka saya.

Maganar sayarwa kuwa, a'a. Abin da za a ba ka a kanta ba zai sayi ko lensi ɗaya na kirki ba, kuma ranar hawan bariki za ka neme ta. Ban da haka, mai zuwa biki da kyamara ɗaya yana wasa da mutuncinsa, domin ba a sake ɗaura aure don kyamara ta ƙi tashi. Uwar amaryar nan kuma, ka zaɓi hoto ɗaya mafi kyau a cikin na waje, ka wanke babba ka sa a firam ka kai mata kyauta.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne, ina sha'awar ɗaukar tsuntsaye a fadamun Haɗejiya da Nguru lokacin sanyi, da kuma wata in ya cika. Da ina amfani da tsohuwar kyamara mai dogon zum, na ba ƙanena, na sayi sabuwa mai canjin lensi da ɗan lensinta. Yanzu dinya da kirinjijiya sai su fito kamar ɗigon tawada, wata kuma kamar ƙwayar magani. An cuce ni ne? Daga Gashuwa.

AMSA: Malam, ba a cuce ka ba, an dai sayar maka da rabin kaya ba a gaya maka ba. Ba ka faɗi sunan kyamarorin ba, sai in yi maka lissafi da biyun da muka gama magana a kansu, tunda duk tafiyar ɗaya ce.

Girman wata a kan sensa shi ne tsawon lensi a raba da 110. A SX50 in an ƙure zum, 215 a raba da 110, kusan milimita 2 ke nan a kan sensan da tsayinsa 4 da rabi ne. Watan zai ci ɗigo wajen 1300 cikin 3000, har ramukansa za ka gani. A R50 da ɗan lensinta a 45, watan bai kai rabin milimita ba, ɗigo wajen 110 cikin 4000. Duk kyan sensa ba zai ƙirƙiro abin da lensi bai kawo masa ba.

Don ka maido da nisan 1200 a kan sensa irin na R50, lensi mai 750mm kake buƙata. Canon na da RF 800mm f/11, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, ba ya zum, kuma ƙofarsa a tsuke take, sai da rana. Wanda ya fi dacewa da mai tsuntsaye shi ne RF 100-400mm, wanda ke gani kamar 160 zuwa 640. Bai kai tsohuwarka nisa ba, amma ɗigonsa sun fi tsabta, kana iya yanke hoton ka matso da tsuntsun, kuma a nan ne za ka ga amfanin saitin da ke gane dabba. Zalɓen da ke tsaye a ruwa da hantsi, tsohuwar kyamara za ta ɗauke shi da kyau. Garken da ya tashi sama da sassafe, haske bai gama fitowa ba, wannan sai sabuwa. In kuɗin dogon lensi bai samu ba kafin baƙin tsuntsayen Turai su iso bana, ka lallaɓa ƙanen naka ya ara maka. Yaya ba ya jin kunyar karɓar aro.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai ta Instagram da WhatsApp. Da ƙaramar kyamara ta aljihu nake ɗauka, wani lokaci da waya. Masu saye suna ƙorafin launin da suka gani ba shi ake kawo musu ba. Ɗana ya samo mini Canon EOS M50 ta hannu da sauƙi, ya ce ita ce maganin abin. In saya? Wata 'yar kasuwa daga Maraɗi.

AMSA: Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Abu biyu ne a wasiƙarki, kuma ba su da alaƙa da juna kamar yadda yaron yake zato.

Launi ba tsufan kyamara ke ɓata shi ba, haske ne. Ina kyautata zaton a shago ko a ɗaki kike ɗauka, ƙwan lantarki na kunne, hasken rana kuma na shigowa ta ƙofa. Kowannensu da nasa launin, kyamara ta rasa wanda za ta bi, sai ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ruwan goro ya koma ja. Sannan atamfa cike take da launi, babu fari a hoton da kyamara za ta auna da shi. Ko M50 kika ɗauko haka za ta yi. Ki kashe ƙwan, ki fito da kayan inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bakin taga, da hantsi, kullum wuri ɗaya lokaci ɗaya. Ki shimfiɗa farar takarda a gefen atamfar. A cikin kyamarar akwai wurin daidaita fari, a nuna mata takardar a ce wannan ne fari, sauran launuka sai su zauna. Ki kashe filasha, ita ke sa duwatsun leshi da gogen atamfa walƙiya. In da waya ne, a cire duk wani tacen da ke ƙara wa launi armashi. Kayanki ba gudu suke ba, ba kuma da dare kike ɗauka ba, saboda haka duk abin da na lissafa wa ɗan Katsina na amfanin babban sensa bai shafe ki sosai ba. Ko bayan haka za a samu ɗan bambanci, don kowace waya da yadda fuskarta ke nuna launi. Wannan ba mai iya miki maganinsa, sai dai ki riƙa rubuta sunan launin a ƙasan hoto.

Ita M50 kyamara ce mai kyau, ta 2018, megafiksel 24, sensanta babba. Dalilin araharta shi ne Canon sun rufe layin kyamarorin M gaba ɗaya a 2023, sun daina yin jiki da lensi masu bakin EF-M. Kuma gilasan EF-M ba sa hawa sababbin kyamarorin R ko da adafta. Dalili kuwa na awo ne. Kowane lensi da tazarar da aka gina shi ya zauna daga sensa: na EF milimita 44, na RF 20, na EF-M 18. Adafta ƙara tazara take yi, shi ya sa na 44 ke hawa kan na 20. Wanda ke son 18 kuwa a jikin da bakinsa ke 20, sai dai a tura shi cikin kyamarar, ba hali. In ɗanki na son ta don ya koyi hoto, kuma farashin ya faɗi sosai, ya saya, amma in zai ƙara lensi ya sayi na EF ya haɗa da adafta, don su bi shi gaba. Ke kuwa Hajiya, kuɗin ki ƙara jari.

TAMBAYA: Baba, tun da hunturu ya shigo nake ganin baƙaƙen ɗigo a hotunan sabuwar kyamarata marar madubi, kullum a wuri ɗaya, musamman a sararin sama. Na goge lensi har na gaji. Tsohuwata ta yi shekaru ba ta taɓa yin haka ba. Daga Damagaram.

AMSA: Ɗana, bar lensin nan ya huta, ƙurar na kan sensa. Tsohuwarka a rufe take ruf, sabuwar kuwa duk sanda ka cire lensi sensan na nan tsirara dab da baki, babu madubin da zai tare masa. Waɗanda suka ƙera ta ba su san hazon Damagaram ba.

Ka tabbatar tukuna: ka tsuke ƙofa zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sama. Duk ƙurar za ta fito ɓaro-ɓaro. Sai ka nemi famfon roba na hura iska, irin wanda ake matsawa da hannu. Ka kashe kyamara, ka cire lensi a ɗakin da ba fanka, ka kifa bakinta ƙasa, ka hura ba tare da tsinin famfon ya taɓa komai ba. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Kada ka sa hankici, ko audugar kunne, ko bakin riga. Abin da ya ƙi fita akwai tsinken goge sensa da ruwansa, kuma in hannunka na rawa ka kai wa mai gyara, don sensan da ya karce kuɗinsa ya kusa na kyamarar.

Daga yanzu ka zaɓi lensinka tun daga gida, ko a cikin mota gilashi a rufe. A filin hawa ko na kokawa ba a canja lensi, shi ya sa za ka ga manya da kyamara biyu a wuya, ba burga ba ce. Murfin bayan lensi kuma kada ya kwana a aljihu, duk ƙurar da ya kwasa cikin kyamara zai juye ta. Kada dai ka yabi tsohuwar da yawa. Masu dogon zum ma suna zuƙar ƙura yayin da lensin ke shiga da fita, kuma su in ta shiga, sai an kwance kyamarar ɗungurungum.

TAMBAYA: Baba, na tsinci Canon PowerShot A520 a akwatin mahaifinmu. Ƙawayena sun ce irinta ake yayi yanzu. Na sa mata sabon memori mai 32GB ta ƙi karɓa, batir kuma hoto biyar ya mutu. Ta lalace ne? 'Yarka daga Kaduna.

AMSA: 'Yata, lafiyarta ƙalau. Kyamarar 2005 ce, katin SD na asali kawai ta sani, wanda iyakarsa 2GB. Naki mai 32GB samfurin SDHC ne, sai a 2006 aka fito da shi, ba ta san da zamansa ba. Ki nemi mai 1GB ko 2GB wajen masu tsofaffin kayan waya da kwamfuta. Hotonta megafiksel 4 ne, kati mai 1GB zai ɗauki ɗaruruwa. Batir kuma ba irin na rediyo mai araha take so ba, ki sayi AA guda biyu masu caji, waɗanda aka rubuta NiMH a jikinsu, da cajarsu. Ki duba ramin batirin, in tsohon ya zubar da farin gari ki kankare shi a hankali. In da tsohon kati a cikinta, kada ki goge komai sai kin kwafe shi a kwamfuta kin nuna wa mahaifinku.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, ku riƙa rubuta cikakken sunan kyamara da na lensi, da abin da kuke ɗauka da ita.